Babi na Shida: Wa Ke Jiran Wa?

Ƙorafin kusan iri ɗaya ne a duk inda banki ko kamfanin inshora ko na jiragen sama ya ajiye lissafinsa a kan menfirem, babbar kwamfutar nan ta IBM da zuriyarta ta faro daga System/360 a 1964. Masu rubuta manhaja sun gama aikinsu, sun gwada a ofis komai lafiya lau. Ranar da aka haɗa manhajar da menfirem, sai ga shi saƙo goma kacal take iya turawa a sakan ɗaya, alhali ɗari biyar aka yi wa shugabanni alkawari. Daga nan sai nunin yatsa ya fara. Masu manhaja su ce tsohon inji ne ya gaji. Masu kula da menfirem su buɗe allo su nuna cewa injin nasu ko gumi bai yi ba. A ƙarshe ɓangarorin biyu su haɗu a kan wanda ba ya ɗakin, su ce ai netwok ne.

Abin da ke sa rigimar ta yi tsawo shi ne kowa gaskiya yake faɗa a kan nasa ɓangaren. Furosesar menfirem ba ta cika ba, ta kwamfutar da ke turo saƙon ma haka, wayar da ke tsakaninsu kuma ko kusa ba ta ɗauki iyakar kayanta ba. Kowa yana zaune ne yana jiran wani. Don haka wanda aka ɗora wa binciken, tambayoyi uku ne a gabansa: wa ke jiran wa, sau nawa, kuma tsawon wane lokaci.

Manhajar da ta fi yawa a wannan fage ita ce IBM MQ. Ta fito a ƙarshen 1993 da sunan MQSeries, ta koma WebSphere MQ a 2002, sannan IBM MQ a 2014, kuma a Hursley ake ƙera ta, kusa da birnin Winchester a kudancin Ingila. Aikinta mai sauƙin faɗa ne. Wata manhaja ta ajiye saƙo a layi ta tafi, wata ta zo ta ɗauka lokacin da ta shirya, manajan layi kuma ya tsare amanar saƙon a tsakani. Idan manhajar tana zaune cikin menfirem ɗin, kamar ayyukan CICS, mai sarrafa hada-hada a menfirem, to cikin ƙwaƙwalwar inji ɗaya take magana da manajan layi, kiftawar ido ma ta yi tsawo. Idan kuwa tana wata kwamfuta dabam, ta Linux ko ta Windows, ta zama abin da ma'aikata ke kira kilayan. Duk abin da kilayan zai faɗa sai ya bi waya, ya shiga ta ƙofar da galibi lambarta 1414 ce, ya faɗa hannun wani sashe mai suna CHIN da ke karɓar baƙi, shi kuma ya miƙa wa manajan layin.

Ƙidayar zuwa da dawowa

Kilayan ba ya magana biyu a jere. Zai ce MQCONN, wato a haɗa ni, ya jira amsa. Zai ce MQOPEN, a buɗe mini layi kaza, ya jira. MQPUT, ga saƙo, ya jira. MQCMIT, na tabbatar, ya jira. MQCLOSE da MQDISC ma kowanne da nasa jiran. Kowace kalma tafiya ce zuwa menfirem da dawowa, kuma tafiyar tana da farashin da kuɗi ba ya ragewa. Haske a cikin wayar gilashi yana cin kusan kilomita 200,000 a sakan. Ke nan kowane kilomita 100 na tazara yana cin milisakan ɗaya zuwa da dawowa, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Tazara kamar ta Kano zuwa Legas, wajen kilomita 1,000, milisakan 10 ke nan tun kafin na'urorin da ke kan hanya su ƙara nasu. Wanda ke bi ta tauraron ɗan'adam mai tsaye a nisan kilomita 35,786 kuwa, ya shirya wa rabin sakan ko fiye.

Mu ɗauki milisakan 10 ɗin mu yi lissafi. Manhajar da ke haɗuwa da menfirem sabo a kan kowane saƙo sai ta fara da ƙulla hanyar TCP, sannan musayar mabuɗan sirri na TLS, sannan ɓangarorin biyu su daidaita sharuɗɗan magana, kafin a zo ga kira shidan da muka jero. A taƙaice tafiya goma ko kusa da haka. Milisakan 100 ke nan a kan saƙo ɗaya, saƙo goma a sakan. Ga adadin da aka kawo ƙara a kansa ya fito, ba tare da wani inji ya lalace ba. Kamar ɗan aike ne da aka ba saƙo ɗari zuwa gida ɗaya, amma kowane saƙo sai ya yi sallama daga zaure, a yi masa iso, ya gaida maigida, ya tambayi iyali da gajiya da sanyi, ya faɗi jimla ɗaya, ya yi bankwana, ya fita waje, sannan ya dawo ya sake sallama.

Mai karatu zai ce wane mai hankali ne zai rubuta manhaja haka. Masu hankali da yawa, domin ba da hannunsu suke rubutawa ba. Manhajojin banki da yawa na yau da harshen Java ake yin su, ta hanyar ƙa'idar JMS, sau da yawa kuma da kayan aikin Spring. Akwai wani yanki na Spring mai suna JmsTemplate da ke sauƙaƙa aika saƙo zuwa layin rubutu ɗaya. Ɗabi'arsa ita ce ya buɗe haɗi, ya aika, ya rufe, a kan kowane saƙo, bisa zaton cewa akwai wani abu a ƙarƙashinsa da ke adana haɗin. Idan ba a sa masa ma'ajin haɗi irin CachingConnectionFactory ba, to sallama da bankwana zai yi ta yi. A ofis ba wanda zai lura, saboda kwamfutar gwaji tana ɗaki ɗaya da manajan layin gwaji, tafiyar ba ta kai milisakan ɗaya ba. A ganina wannan shi ne wurin da ya kamata a fara leƙawa kafin ko'ina. Shaidarsa ma ba ta da wuya: a duba kafar da kilayan ke shigowa ta cikinta a menfirem da umarnin DISPLAY CHSTATUS, idan lokacin farawarta kullum sabo ne kuma saƙonnin da ta ɗauka ba su wuce 'yan ƙalilan ba, an kama ɓarawon. Ɓarnar ba ta tsaya ga jinkiri ba, domin kowace sabuwar haɗuwa tana sa menfirem ta binciki izini a RACF, manhajar tsaronta, ta kuma yi lissafin sirri, lokacin furosesar menfirem kuwa kuɗi ne ake biya.

A bar haɗin a buɗe, a bar layin a buɗe, saura kira biyu a kan kowane saƙo, ajiyewa da tabbatarwa. Milisakan 20, saƙo 50 a sakan. A tara saƙo 50 kafin a tabbatar sau ɗaya, tafiya 51 ke nan a kan saƙo 50, an kusa saƙo 100 a sakan. An ninka gudu sau goma, ba a sayi ko ƙusa ba.

A nan ne aka ci karo da bango. Muddin zance ɗaya ne, kuma kowace kalma sai an jira amsarta, ba za a wuce 100 ba a wannan tazara, ko da an shimfiɗa wayar da ta fi kowace faɗi a duniya. Wannan ne abin da shugabanni suka fi wahalar yarda da shi, domin ƙara faɗin hanya abu ne da ake iya sa wa hannu a takarda a biya. John Little ya tabbatar da ƙa'idar da ke bayan wannan a 1961: yawan abin da ke cikin tsari a lokaci guda daidai yake da saurin shigarsa a ninka da tsawon zamansa. Idan aka juya ta, gudu shi ne yawan saƙonnin da ke kan hanya a raba da lokacin da kowanne ke ɗauka. Tazara ta hana a rage lokacin, saura a ƙara yawan waɗanda ke kan hanya. Haɗi goma masu aiki tare za su ba da kusan 1,000 a inda ɗaya ya ba da 100.

Sai dai a kula da wani saiti mai suna SHARECNV. Tun fitowa ta 7 a 2008, MQ na barin zance da yawa su bi ta hanyar TCP ɗaya, kuma goma ne adadin da ke zuwa da shi. Yana rage yawan hanyoyi, amma idan zantukan duk masu yawan surutu ne, sai su riƙa tare wa juna ƙofa. Mayar da shi 1 yakan warware wannan. Kada a mayar da shi sifili, domin sifili na komar da kafar ɗabi'ar tsohuwar fitowa, a rasa wasu daga sababbin dabarun fitowa ta 7.

Fitowa ta 7 ɗin ce ta kawo dabaru biyu na rage jira. Ɗaya ita ce ajiyewa ba tare da jiran amsa ba: kilayan ya yi ta jefa saƙonni a jere, sai lokacin tabbatarwa, ko ta kiran MQSTAT, zai ji ko wani ya faɗi. Ɗayar ita ce turo saƙonni tun kafin a nema, wadda ke aiki a kan saƙonni marasa ɗorewa kawai, wato waɗanda ba a yi alkawarin ba za su ɓata ba. Duka biyun suna da haƙƙi. A ta farko, layi zai iya cika manhaja ba ta sani ba sai daga baya. A ta biyu, idan kilayan ya mutu, saƙonnin da aka riga aka turo masa sun tafi ke nan. Farashin kasuwa da ke sauyawa kowane sakan zai jure wannan. Umarnin cire kuɗi daga asusun mutum ba zai jure ba.

Gani ya kori ji

Duk wannan lissafi zato ne har sai an auna. Kafin a taɓa kowane saiti, a tambayi mai ƙara abu biyu: ya taɓa yin sauri a baya, kuma jinkirin na kullum ne ko yana da lokaci? Wanda bai taɓa sauri ba, laifin yana cikin ginin manhajar ko tazara. Wanda ya lalace daga ranar Litinin, a nemo abin da aka sauya ranar Lahadi.

Sannan a sa agogo a kan kowane kira dabam, ba a kan aikin gaba ɗaya ba. Nawa MQCONN ya ci, nawa MQPUT, nawa MQCMIT, kuma sau nawa aka kira kowanne. A auna tazarar da umarnin ping daga kwamfutar kilayan ɗin kanta. Idan ping ya ce 10, MQPUT ya ce 11, menfirem ta wanke kanta, milisakan ɗaya ne nata. Idan ping ya ce 1, MQCMIT ya ce 15, to a nufi ɗakin masu menfirem. Gwaji na gaba mai arha ne: a tura saƙonni iri ɗaya sau biyu, sau ɗaya masu ɗorewa, sau ɗaya marasa ɗorewa. Bambancin da ya fito shi ne kuɗin rubutu a faifai. In har yanzu da duhu, a kama zirga-zirgar wayar da tcpdump a buɗe ta a Wireshark, wadda ta san harshen MQ, tana nuna kowane kira da sunansa da lokacinsa. A nan ake ganin wanda ya yi shiru da kuma tsawon shirunsa.

Akwai lambobi biyu da idan suka yi ta maimaituwa a cikin wannan shiru, gogaggen ma'aikaci ya san inda aka dosa: milisakan 200 da milisakan 40. A 1984 John Nagle, yana aiki a Ford Aerospace, ya kawo dabarar da ke hana kwamfuta cika waya da ƙananan ƙunshi: idan akwai abin da aka aika ba a amsa ba tukuna, ɗan guntun da ya rage ya dakata. Can ɗaya ɓangaren kuma akwai wata dabarar da ke cewa kada a yi gaggawar amsa karɓar ƙunshi, a ɗan jira ko za a samu wani abin da za a haɗa a aika tare. Kowacce ita kaɗai hikima ce. Idan suka haɗu, mai aikawa na jiran amsa, mai amsawa na jiran ƙari, har agogo ya ƙare: kusan 200 a z/OS, tsarin aikin menfirem, da wasu tsare-tsaren, 40 a Linux. Manhajar da ke tura saƙo biyar cif a sakan, ba huɗu ba, ba shida ba, a tuhumi wannan. Maganin yana cikin saitin TCP, a kashe dabarar Nagle da TCP_NODELAY, ko a sa NODELAYACKS a ƙofar da MQ ke saurare a menfirem.

Manyan saƙonni nasu ciwon dabam ne. MQ na zuwa da iyakar megabayit 4 a kan saƙo, ana iya ɗagawa zuwa 100. Idan tagar TCP ta tsaya a kilobayit 64, tsohuwar iyakarta, to a tazarar milisakan 10 ba za a wuce kusan megabayit 6 da rabi a sakan ba. A duba girman tagar a ɓangarorin biyu, a duba kuma katangar tsaron da ke tsakani. Juya haruffa daga EBCDIC na menfirem zuwa ASCII ko UTF-8 ma yana cin lokaci, ana yawan ɗora masa laifi, amma ba kasafai shi ne babban mai laifin ba.

Idan laifin na cikin gida ne

Wani lokaci masu manhaja ne da gaskiya. Menfirem na rubuta tarihin kanta a cikin bayanan SMF: lamba 115 na ba da alƙaluman manajan layi gaba ɗaya, 116 na ba da na kowane aiki da kowane layi, kuma IBM na da ɗan kayan aiki mai suna MP1B da ke mayar da su abin karantawa. Mai kula da menfirem da ya ce injinsa lafiya lau bai buɗe waɗannan ba, furosesa kawai ya duba.

Wurin farko shi ne kundi. Saƙo mai ɗorewa shi ne wanda aka yi alkawarin ba zai ɓata ba ko wuta ta ɗauke, kuma ana cika alkawarin ne ta rubuta shi a kundi a kan faifai kafin a ce wa kilayan an karɓa. Galibi kwafi biyu ake rubutawa. Bankin da ke kwafe faifansa nan take zuwa wata cibiya don gudun gobara ko ambaliya, kowane rubutu sai ya je can ya dawo, sai tazarar da muka kora ta ƙofa ta dawo ta taga. Shi ya sa tara saƙonni kafin tabbatarwa ke da riba biyu, tafiya ta ragu, jiran faifai ma ya ragu. Amma kada a zarce. Saƙon da ba a tabbatar ba, mai ɗauka ba ya ganinsa, kuma manajan layi na zuwa da iyakar 10,000 a dunƙule ɗaya. Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba: dole ne saƙon ya zama mai ɗorewa? A JMS, idan mai rubutu bai ce komai ba, kowane saƙo mai ɗorewa ne. Sai ka ga tambayar nawa ya rage a asusu, wadda in ta ɓata sake danna maɓalli kawai za a yi, ana rubuta ta a faifai biyu a gari biyu kamar wasiyya.

Wuri na biyu shi ne zurfin layi. MQ a z/OS na riƙe saƙonni a ƙwaƙwalwa cikin shafuka masu kilobayit 4. Muddin mai ɗauka na ɗauka da wuri, saƙon ba ya buƙatar a karanto shi daga faifai. Idan ma'ajin ya cika zuwa kashi 85 cikin ɗari, sai a fara kwashe shafuka zuwa faifai a bayan fage. Idan ya kai 95, masu ajiyewa da kansu ne za su tsaya jiran rubutun. Daga nan abin sai ya ci kansa: mai ɗauka da ya makara yanzu daga faifai yake karantowa, ya ƙara makara, layi ya ƙara zurfi. Mai turawa ne zai kawo ƙara, amma ciwon yana wurin mai ɗauka.

Na uku shi ne wanda ya fi ba ni haushi, saboda kalma ɗaya ce maganinsa. A tsarin tambaya da amsa, kilayan na neman amsarsa a layi da lambar shaida, CORRELID. A z/OS, idan ba a yi wa layin fihirisa da saitin INDXTYPE ba, manajan layi daga farko zai fara dubawa, saƙo bayan saƙo, har ya iske wanda ake nema. Saitin nan na z/OS ne kaɗai, don haka wanda ya koyi MQ a Linux bai taɓa jin sunansa ba. Layi mai saƙo biyar ba zai nuna komai ba. Amma amsoshin da masu su suka gaji da jira suka tafi suna taruwa a gaban layin, wata bayan wata, sai kowane nema ya riƙa tsallake dubbai kafin ya kai ga nasa. Alamarsa ita ce tsarin da ya fara da sauri yana ta yin nauyi a hankali, ba wanda ya taɓa komai. A sa fihirisa, a kuma sa wa kowace amsa wa'adin mutuwa.

Saura CHIN kansa. Yana zuwa da masu kula da hanyoyi 5 da masu miƙa kira ga manajan layi 8. Mai miƙa kira da ke jiran kundi ba ya karɓar wani aikin, don haka kilayan ɗari masu tabbatarwa a lokaci guda za su iya tare takwas ɗin gaba ɗaya. Ana ƙara yawansu da CHIADAPS. A duba kuma matsayin da WLM, mai raba furosesa a z/OS, ya ba CHIN da TCP/IP, kada manyan ayyukan dare su danne su. Jinkirin da ke zuwa ƙarshen wata kaɗai yana da wani bayanin: kamfanoni da yawa na sa wa menfirem iyaka don rage kuɗin lasisi, wanda ake lissafawa da matsakaicin aikin awa huɗu. Idan aka haura iyakar, injin da kansa zai ja birki. Wannan ba aikin injiniya ba ne, maganar mai riƙe da jaka ce.

Idan an gyara duk wannan, tazara kuma ta ƙi bari a kai adadin da ake so, to a daina matsa wa kilayan. A kafa ƙaramin manajan layi kusa da manhajar, ta riƙa ajiye saƙonninta a gida, shi kuma ya kwashe su zuwa menfirem ta kafar da ke tsakanin manaja da manaja, wadda ke tura har saƙo 50 kafin ta nemi amsa sau ɗaya. Za a biya ƙarin lasisi, za a kuma samu ƙarin na'urar da sai an kula da ita. Ga reshen da ke nesa ko mai hanyar da ke yawan yankewa, kuɗin ya cancanta, domin ko waya ta katse saƙonnin suna nan a ajiye har ta dawo.